Daga Sarkin Makafi Zuwa Daraktan Ƙungiya: Wa Ke Riƙe da Ragamar Makafinmu?

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, shafukanmu sukan cika da hotunan makafi. Alhamis ta biyu a watan ita ce Ranar Gani ta Duniya, ranar 15 kuma ta farar sanda. Sai a jera bayin Allah a kan benci, a ɗora wa kowa ƙullin shinkafa ko turmin atamfa a cinya, a ɗauki hoto, mu kuma mu bi da addu'ar Allah ya saka da alheri. Ba raina abin nake yi ba, wanda ya kwana da yunwa shi ya san darajar mudu guda. Amma jama'a, ku ƙara duba hotunan nan da kyau. Ku dubi babban tebur, inda ruwan roba da lasifika suke. Makaho nawa kuka gani a wurin? A cikin ofisoshi da ƙungiyoyin da aka kafa da sunan makaho, masu motoci da albashi da alawus ɗin tafiya, makaho nawa ne ke sa hannu kafin a fitar da kuɗi?

Wannan ne ya sa nake son mu ɗan koma baya. A ƙasar Hausa makafi sun daɗe suna mulkin kansu da kansu. Zamani ya zo musu da magani da makaranta da aikin albashi, abubuwan da tsohon tsari bai taɓa ba su ba, amma a wajen musayar sai ragamar ta suɓuce daga hannunsu. Mu nan Tambuwal da Kebbe abin ya fi fitowa fili, domin tsohon tsarin yana nan da ransa a ƙofar masallatanmu, sabon kuma leƙo mu yake yi daga Sakkwato da Kaduna ya koma.

Kafin wani ya tare ni: na san yanzu ana cewa masu lalurar gani ko masu buƙata ta musamman. Ni dai makafi zan ce, domin haka suke kiran kansu, haka kuma sunan ƙungiyarsu da sarautarsu yake.

A shekarar 1824 wani Bature matafiyi mai suna Hugh Clapperton ya sauka Kano a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin abubuwan da ya rubuta har da labarin wata unguwa a cikin ganuwar birni wadda ta makafi ce zalla. Ya yaba tsaftarta da kyan ginin ɗakunanta. Ya ce Sarki yana ba su wani kaso, suna kuma haɗawa da bara a kasuwa, kuma ba a barin mai ido ya tare a can in ba bayi ba, sai dai jifa-jifa a karɓi mai ido ɗaya. Fiye da shekara 200 ke nan fa. Ko a wancan lokacin makafin Kano jama'a ce mai iyaka da doka, ba tarkacen mabarata ba.

Ginshiƙin wannan tsari shi ne Sarkin Makafi, kuma da wuya ka sami babban gari a ƙasar Hausa da ba shi da nasa. Sarauta ce ta sosai, da rawani, da zuwa gaisuwa fada, a manyan birane har da 'yan majalisa irin su Galadima da Waziri. Baƙon makaho in ya sauka gari, gidan Sarkin Makafi zai nufa, a ba shi masauki, a gaya masa inda zai zauna ranar Juma'a da inda ba nasa ba. In rigima ta tashi tsakanin makafi biyu a kan wuri ko bashi ko aure, a zaurensa ake kashe ta, ba ta kaiwa gaban alƙali sai ta gagara. In attajiri ya fitar da zakka ko hakimi ya aiko da dami bayan kaka, ta hannunsa ake rabawa. Suna, biki, jana'iza, duk da shi. In muka yi maganar da yaren 'yan ƙungiya na yau, mutum ɗaya ne yake riƙe da rajistar mambobi, da asusun tallafi, da sasanci, da magana da hukuma. Abin da nake so ku riƙe shi ne: a al'ada mai ido ba ya zama Sarkin Makafi. Ko ɗan sarki ne, ko ya fi kowa tausayi, wannan rawanin ba nasa ba ne.

Kuma ba bara kaɗai suke yi ba. An san makafi da tukar igiya, musamman a Kano, wasu da saƙa. Da yawa mahaddata ne, wasu ladanai, wasu masu waƙen wa'azi. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, kuma waƙarsa ta Imfiraji a bakin makafi ta zaga ƙasar nan tun kafin rediyo da kaset su ɗauke ta, daga baya Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Malamanmu kuma kullum suna tuna mana Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon sahabin da ya yi ladanci, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha bar wa riƙon Madina idan zai fita. Saboda haka maganar makaho ya shugabanci jama'a ba Turawa suka koya mana ita ba.

To amma kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Rufin tsarin nan gajere ne. Komai basirar yaro, in ya makance, ƙarshen burinsa ya zama babba a cikin mabarata. Ga ɗan jagora, yaro mai idonsa garau wanda ƙuruciyarsa take ƙarewa a riƙe da bakin sanda, ba allo ba boko. Makauniya kuwa tata ta fi tsanani. Sannan Sarkin Makafi ba shi da yadda zai yi da abin da ke kawo masa sababbin talakawa: agana, ƙyanda, amosanin ido, yana. Magabata sun san damuwar, har Sarkin Musulmi Bello, ɗan'uwan Buhari ɗan Shehu namu na Tambuwal, ya yi rubutu na musamman a kan maganin ciwon ido. Sai dai ilimin wancan zamanin iyakarsa ke nan.

Wani abin mamaki, a cikin shekarar nan ta 1824 da Clapperton ke yawo a unguwar makafin Kano, a birnin Faris na Faransa wani makahon yaro ɗan shekara 15, Louis Braille, yana kammala tsara rubutun ɗigo shida da ake karantawa da yatsa. Wannan rubutun shi ya buɗe wa makafin duniya ƙofar makaranta. Mu kuwa sai da ya yi fiye da shekara ɗari kafin ya sami gida a Arewa, kuma ta hannun mishan ya shigo. A 1943 mishan ɗin SIM suka buɗe asibitin ido a Kano, wanda har gobe mutanenmu ke zuwa. A 1953 mishan ɗin SUM suka buɗe makarantar makafi a Gindiri ta Filato, ita ce ta farko a Najeriya.

Nan ne aka fara barinmu a baya. Uba a Jabo ko Kuchi a wancan lokacin, wanda ko ɗansa mai ido sai da tilas ya bayar aka kai boko, ta yaya zai ɗauki makahon ɗansa ya kai shi makarantar mishan a can tsakiyar ƙasa? Ba na ganin laifinsu, tsoron da suke ji a kan addinin 'ya'yansu ba na banza ba ne. Amma sakamakon ya biyo baya: rukunin farko na makafi masu takarda a Arewa yawancinsu ba daga ɓangarenmu suka fito ba. Ku ɗauki Bitrus Gani-Ikilama. Ƙyanda ta makantar da shi yana ƙarami, ya yi Gindiri, ya tafi Landan ya koyo aikin gashi da motsa gaɓɓai, ya dawo ya yi aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. A 1976 ya kafa ƙungiyar Hope for the Blind a Zariya, ya fara da naɗar littattafai a kaset domin ɗalibai makafi. Ya rasu a 2011. Makaho ne ya kafa, makaho ne ya jagoranta, kuma abin da ya fara da shi, wato littafin da za a ji da kunne, buƙata ce da sai wanda ke ciki ya san zafinta. Daga cikin 'yan kaɗan ɗin da suka fito daga namu ɓangaren akwai Farfesa Jibrin Isa Diso na Jami'ar Bayero, makaho da ya kai matsayin farfesa a fannin ilimin masu buƙata ta musamman. Duk wanda ya ce ɗan Bahaushe makaho ba zai iya ba, a ba shi labarinsa.

Yanzu sai babbar ƙungiyar da ta fi kowace tasiri a jiharmu, wato Sightsavers. Mutane da yawa da ke ganin motocinta ba su san makaho ne ya kafa ta ba. John Wilson ɗan Ingila ne, an haife shi a 1919. Yana da shekara 12 wani gwajin sinadarai ya fashe a makarantarsu ya tafi da idanunsa. Bai zauna ba, ya karanta shari'a a Oxford. A 1946 zuwa 1947 ya yi watanni yana zaga ƙasashen Afirka da Gabas ta Tsakiya da ke ƙarƙashin Ingila, yana binciken halin makafi. Abin da ya tarar ya sa a watan Janairun 1950 ya kafa ƙungiyar makafi ta daular Ingila, wadda ta sauya suna a 1957, daga baya ta zama Sightsavers. A arewacin Gana shi da matarsa Jean suka tarar da ƙauyukan bakin kogi inda yara ke jan iyayensu da sanda, ita ce ma ta laƙaba wa cutar sunan da ya bi ta, makantar kogi. Ƙungiyar ta fara aiki a Najeriya tun 1953, babban ofishinta yana Kaduna. Wilson ya riƙe ta har zuwa 1983.

A nan ne labarin ya yi kwana, kuma ina roƙon ku bi ni a hankali, don ba mugunta ce ta kawo shi ba, lissafi ne. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa a cikin 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama, kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, wato mutum wajen miliyan 1.13. Kashi 84 cikin ɗari na wannan makantar irin wadda ake iya karewa ko warkarwa ce. Yanar ido kaɗai ta ɗauki kashi 43, hawan jinin ido ya biyo baya da kusan 17. To ka sa kanka a kujerar mai riƙe da kuɗin taimako. Aikin cire yana 'yan mintoci ne, gobe a kwance bandeji tsoho ya ga jikokinsa. Karantar da makahon yaro ɗaya kuwa daga firamare zuwa digiri shekara 16 ne, ga takardar Braille mai tsada, ga malami na musamman, ga kuɗin kwana. Mai bayar da kuɗi a Landan adadi yake son gani. Sai akalar manyan ƙungiyoyi ta karkata ga hana makanta, hidimar wanda ya riga ya makance ta koma ƙaramin sashe.

Da akala ta juya, irin ma'aikatan da ake nema ma sai suka sauya. Aka koma neman likitan ido, da nas ɗin ido, da masanin ƙwari, da mai ƙididdiga, da akanta, da gwanin rubuta takardar neman tallafi. A 2005 Sightsavers ta ɗauko Caroline Harper ta shugabance ta, matar da ta yi digirin digirgir a Cambridge a fannin makamashi, ta kuma fito daga harkar cinikin iskar gas. Ƙungiyar ta bunƙasa ƙwarai a hannunta, wannan ba a musu. A Najeriya ma shugabancin ya dawo hannun 'yan ƙasa, irin su Dakta Elizabeth Elhassan, da Dakta Sunday Isiyaku, da Dakta Joy Shu'aibu. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ƙwararru ne da suka san aikinsu. Adalci ya sa in ƙara da cewa ƙungiyar tana da Gertrude Fefoame, makauniya 'yar Gana, a cikin manyan jami'anta, har ta shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2023, kujerar da ɗan Najeriya makaho, Danlami Basharu, ya hau a 2019. Ke nan a can ƙololuwa ana samun makafi. Matsalar tana tsakiyar tsani da gindinsa, inda mu muke.

Na yarda makaho ba zai riƙe wuƙar tiyata ba. Amma me ya hana shi zama jami'in shiri, ko mai wayar da kai, ko mai kula da ma'aikata, ko ɗan kwamitin amintattu? Wilson da bai ga ko layi ɗaya na rahoton kuɗi da idonsa ba, shekara 33 ya yi yana tafiyar da ƙungiyar.

Bari mu sauko gida. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin bayar da maganin Mectizan kyauta har sai an ga bayan makantar kogi. A 1995 aka kafa shirin yaƙi da cutar na Afirka, aka kuma fito da dabarar da ta yi aiki fiye da yadda aka zata: maimakon a jira ma'aikacin lafiya, gari ne zai zaɓi ɗansa, a koya masa, a ba shi littafin rajista da sandar awo mai launi-launi, ya bi gida-gida yana auna tsawon mutum yana ba shi ƙwaya gwargwadon tsawonsa. Da wannan dabarar ake rabon maganin tundurmi da na amosanin ido. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san su, samari da matan aure da jakar magani a kafaɗa, cikin rana, wani lokaci su ƙetare gulbi da kwalekwale. Aikin sa kai ne, a tsarin ma garin ne ya kamata ya ɗan sallame su. Tun 2005 kuma gwamnatin jiha da Sightsavers suka fara shirin kula da ido, aka horar da ma'aikata, aka yi wa dubban mutane aikin yana da na gashin ido mai juyawa ciki. Akwai tsofaffi a dangina da suke ganin hanyar masallaci yau saboda wannan aikin, don haka ba za a ji ɓatancinsa a bakina ba.

Sai dai ku dubi yadda tsanin yake a wurinmu. Matakin ƙasa, na mai jakar magani, namu ne. Sama da shi akwai jami'in ƙaramar hukuma mai kula da shirin. Daga nan sai Sakkwato, sai Kaduna ko Abuja, sai ƙasar waje. Tallan aikin da ke da albashi a intanet yake fitowa, da Turanci, ana neman digiri da takardar bautar ƙasa da shekarun gogewa. Ko mai ido daga Kebbe da wuya ya tsallaka daga matakin farko zuwa na uku, balle makaho, wanda ko matakin farkon ba a sa shi a lissafi ba.

Na taɓa raka masu rabon magani wani ƙauye ta wajen gulbi. Muka tarar da wani dattijo makaho zaune a inuwa yana tukar igiya, jikansa na gefe. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, an kawo maganin ido, a tashi a auna ka." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wanga magani na masu ido ne, don kada su zam mu. Mu da munka riga munka makance, mi anka aje muna?" Ya dai sha maganin, don yana kashe ƙaiƙayi da tsutsa. Amma tambayar tasa babu wanda ya amsa a cikinmu, kuma babu gurbin rubuta ta a littafin rajistar. Da a ce akwai makaho a teburin da aka zana littafin nan, ina kyautata zaton da an bar layi ɗaya na ƙidaya makafin kowane gari, da shekarunsu, da ko yaran cikinsu suna makaranta.

Dalilin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa yanzu shi ne kuɗin waje sun fara janyewa. A 2021 Ingila ta rage kasonta na taimakon ƙasashe daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin ɗari na arzikinta, aka datse babban shirin nan na Ascend mai yaƙi da cututtukan da aka yi wa sakaci tun wa'adinsa bai cika ba, kuma Najeriya na cikin waɗanda abin ya shafa. A 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta USAID. Idan shiri ya ƙare, mota takan koma, ofis ya rufe, ma'aikaci ya nemi wani aikin. Wanda ke saura a gari shi ne Sarkin Makafi da zaurensa. Shi ba a taɓa yanke masa kasafi ba, don dama ba a taɓa ba shi ba.

Ta ɓangaren hukuma kuwa, takarda ta yi kyau. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati, a 2020 kuma aka kafa hukumarsu ta ƙasa. A nan jiha, a zamanin Wamakko ne aka fara ba naƙasassu alawus, wanda a lokacin naira 6,500 ne a wata. Ya taimaki gidaje, amma kowa ya san alawus ba aiki ba ne, kuma yana tafiya ne da ra'ayin mai mulki. Wasu jihohin kuma ta hana bara suka ɓullo, kamar Kaduna a 2015, inda makafi da guragu suka fito zanga-zanga. Ka hana mutum sana'ar da kakanninsa suka gada ba ka buɗe masa wata ba, me kake so ya yi? Ni dai ina son wani ya shiga sakatariyar Tambuwal ko ta Kebbe ya ƙidaya mana makafin da ke cikin jerin masu albashi, mu ga ko an kusanci kashi biyar ɗin.

Su ma makafin akwai nasu gyaran, kuma abokaina daga cikinsu sun san na sha faɗa musu a gabansu. Gida ya rabu biyu. Ga 'yan boko masu ƙungiya da kundin tsarin mulki da zaɓe, suna ganin sarakunan makafi a matsayin masu raya bara. Ga sarakunan da ke da jama'a a hannu, suna ganin 'yan bokon a matsayin masu cin abinci da sunansu a otal-otal ɗin taro. Kowanne yana da 'yar gaskiyarsa. Mai takarda ba shi da mutane, mai mutane ba shi da takarda. Idan kakar siyasa ta zo sai a kira kowane ɓangare daban, a ba shi abin da aka ba shi, a ɗauki hoto. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga kuma ciwon da ke damun ƙungiyoyinmu duka, na masu ido da na makafi: shugaba ya hau ya ƙi sauka, ba a karanta rahoton kuɗi, mata kuma sai dai a ba su kujerar shugabar mata a ce an gama da su.

To ina mafita? Ni a ganina wuyan kwalbar makaranta ce, sauran duk reshe ne. Ba za a ɗauki makaho aikin jami'in shiri ba in ba shi da digiri, ba zai yi digiri ba in bai yi firamare ba, kuma firamaren garinsu ba ta da malamin da ya iya Braille. Inda muke da shi shi ne makarantar A. A. Raji ta masu buƙata ta musamman a cikin Sakkwato. Daga Tambuwal tafiyar kusan kilomita 100 ce, daga ƙauyukan Kebbe ta fi haka, ga halin da hanyoyi suke ciki na rashin tsaro. Uwa ta saki makauniyar 'yarta mai shekara bakwai zuwa makarantar kwana mai wannan nisa, sai an zauna da ita sosai, kuma wanda za ta fi saurara shi ne makahon da ya bi hanyar ya dawo da abin nunawa, ko Sarkin Makafin garinsu. Ga aikin da ya dace a haɗa ɓangarorin nan biyu a kansa.

Bayan sakandare hanyar ta fi da sauƙi yanzu. Tun 2017 hukumar JAMB ta ware tsari na musamman ga makafi a ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, da cibiyoyin jarrabawa da suka haɗa da Kano da Birnin Kebbi, wadda daga nan ta Jega ba nisa. Akwai sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero da ta Jos, akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta musamman a Oyo. Waya da kwamfuta kuma sun rage rabin wahalar. Manhajar NVDA mai karanta abin da ke fuskar kwamfuta da murya kyauta ce, kuma samari biyu makafi 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, su suka ƙirƙire ta. Wasu daga cikin masu bin shafin nan ma da TalkBack suke sauraron wannan rubutun, ko da yake yadda na'urar ke furta Hausa sai haƙuri. Af, tunda maganar ta zo: in kun ɗora hoto, ku riƙa rubuta abin da ke cikinsa ko da layi ɗaya ne, don su ma su san me ake yi wa dariya.

Samarinmu masu ido da ke neman abin yi, ku ma akwai gurbinku. Wanda ya gama makarantar nas zai iya ƙarawa da kwas ɗin nas na ido, ana yin sa a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Wanda ke NCE ya duba fannin koyar da makafi. Ƙananan hukumomin nan biyu suna buƙatar 'ya'yansu a waɗannan guraben, waɗanda in shiri ya ƙare ba inda za su tafi. Amma in Allah ya kai ku kujera, ku tuna tsarin kakanni: wanda abin ya shafa shi ke riƙe da rawani, mai ido ɗan jagora ne.

Abu biyu nake ganin za mu iya yi ba tare da jiran Landan ko Abuja ba. Na farko, duk kwamitin lafiya ko na ilimi ko na rabon tallafi da za a kafa a ƙaramar hukuma ko gunduma, a ba makafi kujera mai ƙuri'a, ɗaya ga sarautarsu, ɗaya ga mai karatu a cikinsu, kuma a tabbata akwai mace. Na biyu, Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha tana da kwamitoci a gundumomi. Cikin hatsi da kuɗin da ake tarawa duk shekara, a ware abin da zai ɗauki nauyin ko da yara makafi biyu daga kowace gunduma: kuɗin mota, sabulu, kayan sawa, da na mai raka su farkon zango da ƙarshensa. Iyayen ƙasa da limamai in suka sa baki, abin ba zai gagara ba.

Yaron da aka kai aji ɗaya bana, sai bayan shekara 17 zai fito da digiri da takardar bautar ƙasa a hannu: shida a firamare, shida a sakandare, huɗu a jami'a, ɗaya a hidimar ƙasa, in ba a yi yajin aiki ba. Don haka duk wanda ya san wani yaro ko yarinya makaho da ya isa shiga makaranta a Dogon Daji, Sanyinna, Jabo, Kuchi, Girkau, Margai ko wani ƙauye na kusa, ya yi mini magana ta akwatin saƙo, kada a sa sunan yaron ko hotonsa a fili. Ina so mu fara da sanin yawansu kafin zangon karatu mai zuwa, sannan mu je mu gai da sarakunan makafin mu ji ta bakinsu.